Tarihin Taki: Daga Garken Shanu zuwa Yuriya Mai Dabaibayi

 Ga abin da muka tattauna a filinmu na tarihi, mun sa shi a rubuce don wanda bai samu saurare ba.

Duk wanda ya shiga kasuwar Nima ranar Laraba zai ga buhunan masara da gero da dawa an jibge su har sun fi mutum tsawo. Ko zangarniya ɗaya ba a noma a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango, amma da wannan hatsi ake dama kokon safe, da shi ake tuƙa tuwon zafi. Kuɗin olonka ɗaya a nan Ankara kuwa, tun daga gonakin Tumu da Techiman ake fara yanke shi, kuma a can babu abin da ke cin aljihun manomi kamar taki. To, a 'yan shekarun nan wasu sababbin buhuna sun fara shigowa. Wani an rubuta cewa an shafa masa man darbejiya, wani an ce yana daɗewa a ƙasa, wani kuma dunƙule-dunƙule yake kamar alewa. Duk sun fi na da tsada. Ɗan kasuwa yana tambaya, in sara ko in bari? Makiyayi yana tambaya, shi ke nan kashin shanuna ya tashi daga aiki, manomi ya daina nemana? Amsar tambayoyin nan biyu tana cikin tarihin takin kansa.

Mu fara daga gida. Sabon Zango, Malam Bako ne ya kafa ta a farkon ƙarni na 20. Nima kuwa, a farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa, Bafulatani mai fataucin shanu, ya karɓi filin daga hannun mutanen Osu, ana tsayar da dabbobi a wurin kafin a kai su kasuwa. Wato inda ake auna hatsi yau, garke ne jiya. A ƙasashen da kakanninmu suka fito kuwa, garke da rumbu ba su taɓa rabuwa ba.

Ku iyayenmu kun san yadda abin yake. Kaka ta yi, an kwashe amfani, sai manomi ya aika wa Arɗo. Shanu su sauka a gona su ci kara da karmami, su kwana a nan. Bayan 'yan kwanaki a matsar da turke gaba, har a zagaye gonar. Manomi ya ba da damin gero ko dawa, wani lokaci har da goro da ruwan rijiya. Matan ruga su kai nono gari su dawo da hatsi. Babu takarda, babu lauya, amma yarjejeniya ce mai ƙarfi, domin kowa yana buƙatar ɗan'uwansa.

A kewayen birnin Kano abin ya wuce haka. Jama'a sun yi yawa har babu filin da za a bari ya huta ya zama saura. Sai jakuna suka zama hanyar rayuwa: su shiga birni da itace da hatsi, su fito da mangala cike da toka da shara da kashin awaki. Wani masani ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya bi diddigin waɗannan gonaki tun daga shekarun 1960, ya nuna cewa ana nomansu kowace damina ba hutu, amma ba su mutu ba. Abin da ya riƙe su shi ne taki, da haɗa hatsi da wake da gyaɗa, da itatuwa irin su gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya ciyar da gindinsa.

Me ya sa wannan taki ke aiki haka? Saboda ba ya gaggawa. Kashin shanu sai gara da tana da ƙananan halittun ƙasa sun ci shi sun narkar, sannan abincin da ke cikinsa ya fito kaɗan-kaɗan. Gonar da shanu suka kwana a kai tana nuna alama shekara biyu, har uku. Kuma yana ƙara wa jigawa jiki, ta riƙe ruwa. Binciken da aka yi a Sadore, kusa da Yamai, ya nuna geron da aka shuka inda dabbobi suka kwana ya fi wanda aka kwaso wa busasshen kashi kawai aka zuba. Bambancin fitsari ne. Ku riƙe wannan magana ta fitsari, za mu dawo kanta.

Aibin takin gargajiya ɗaya ne, nauyi. Abincin shuka mafi muhimmanci ga hatsi shi ne sinadarin naitirojin, wanda ke sa ganye ya yi kore shar. A busasshen kashin shanu bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. A 1909 wani Bajamushe, Fritz Haber, ya gano yadda za a kamo naitirojin daga iska, Carl Bosch kuma ya mai da abin masana'anta a 1913. Daga nan aka samu yuriya mai araha, wadda kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne. Ku yi lissafi: buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na abincin shuka. Kafin ka sami haka daga garke sai ka kwashi fiye da tan guda. Abin da jaki zai yi ta jigila a kansa, yanzu yaro ya ɗora a babur. Ranar da taki ya shiga buhu, ranar ya zama hajar ɗan kasuwa.

A ƙasar Hausa, supa ce ta fara karɓuwa, saboda gyaɗa. Malaman gona na Samaru suka yi ta tallarta a shekarun 1950, daga baya aka kafa masana'antarta a Kaduna, ta fara aiki a 1976, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa. A nan Gana, Acheampong ya riga su da nasa shirin na ciyar da kai a 1972, taki yana zuwa da rangwamen gwamnati. A 1986 shirin Sasakawa, wanda Norman Borlaug da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter suka tsaya wa, ya fara a Gana, yana koya wa manoma shuka masara a layi da zuba kamfa da amoniya. Masara ta hau arewa, ta shiga wuraren da a da gero da dawa ne sarakai. Amfani ya ƙaru, wannan babu musu. Mutanen da muke da su yau, kashin shanu kaɗai ba zai ciyar da su ba.

Amma kun ga abin da ya biyo baya. Manomin da ke da buhu a ɗaki ba ya gaggawar aika wa Arɗo. Kara da harawa suka zama abin sayarwa, manomi kansa ya fara kiwo yana tara nasa takin. Rikicin manoma da makiyaya yana da dalilai da yawa, akwai cinye burtali, akwai yawan jama'a, akwai rashin adalcin masu hukunci. Sai dai mutuwar waccan yarjejeniya ta kaka tana cikinsu. Mutanen da suka daina buƙatar juna, faɗa ba ya yi musu wuya.

Shi kuma takin buhu, da tafiya ta yi tafiya, sai aka gano yana da ciwo biyu.

Na farko, gudu. Yuriya ai ba baƙuwa ba ce gare ku makiyaya. Ita ce sinadarin da ke cikin fitsarin saniya, a fitsari ma aka fara gano ta. Warin nan mai hawa ka da ke tashi daga garke da sassafe, naitirojin ne ke guduwa sama. Haka yuriyar buhu take yi idan aka watsa ta a kan ƙasa mai ɗumi ba a rufe ba: cikin 'yan kwanaki wani kaso ya bi iska. Wanda ya saura, idan aka yi ruwa mai ƙarfi a jigawa, sai ya nutse ƙasa inda saiwa ba ta kai. A fadamar da ruwa ya kwanta kuma ya sake komawa iska ta wata hanya. A 1999 wasu masana biyu na jami'ar jihar Oklahoma, Raun da Johnson, sun ƙiyasta cewa a duniya baki ɗaya kashi 33 cikin 100 kawai na naitirojin da ake zuba wa hatsi ke komawa cikin amfanin da ake girba. Kamar mutum ya sayi buhu uku ne, ɗaya kawai ya isa rumbu.

Na biyu, tsami. A Samaru akwai wata gonar gwaji da aka buɗe tun 1950. An yanka ta fegi-fegi: wannan kashin shanu kaɗai, wannan takin zamani kaɗai, wannan duka biyun, wannan ba komai. A Sariya ta Burkina Faso an fara irin wannan da dawa a 1960. Shekaru da dama ana aunawa, kuma duka biyun abu ɗaya suka nuna. Inda ake zuba takin zamani tsagwaronsa, da farko amfani ya yi kyau, daga baya ƙasa ta yi tsami, jikinta ya ragu, amfani ya fara ja da baya. Inda aka haɗa shi da kashin dabbobi, gona ta riƙe ƙarfinta. Amoniya, wadda manoman Gana suka saba zubawa a karo na biyu, ta fi yuriya saurin kawo wannan tsami. Idan kun ji manomi yana cewa gonata ta saba da taki, in ban zuba ba ba ta yi, to ciwon ke nan yake faɗa.

Daga nan masana suka shiga neman yadda za a hana taki gudu. Ku da kuke kiwo kun san maganin dabbar da ba ta zama wuri ɗaya: dabaibayi. To, abin da aka yi wa yuriya ke nan, ta hanya uku.

Hanya ta farko, riga. A shekarun 1960, a wani gari da ake kira Muscle Shoals a jihar Alabama ta Amurka, aka ƙware wajen lulluɓe ƙwayar yuriya da farar wuta, yadda ruwa zai riƙa shiga a hankali. Daga baya aka koma yin rigar da wata irin roba mai laushi, wadda ke sakin abinci cikin wata biyu ko uku ko fiye. A wannan gari ne aka kafa cibiyar bunƙasa taki ta duniya, IFDC, a 1974, ta kuma buɗe ofishinta na Afirka a Lome a 1987.

Hanya ta biyu, magani. Ana shafa wa yuriya wani sinadari da ke rage wa halittun ƙasa saurin juya ta. Wanda ya fi shahara sunansa NBPT, ya shiga kasuwa a shekarun 1990. Yana jinkirta gudun nan na iska na kamar mako ɗaya zuwa biyu, ya ba ruwan sama dama ya shigar da takin ƙasa. A nan ne darbejiya ta shigo, itacen da wasunku ke kira dogon yaro ko bedi ko maina. Man 'ya'yanta yana rage saurin juyawar da ke sa ruwa ya wanke taki. A 2015 gwamnatin Indiya ta wajabta a shafa wa dukan yuriyar ƙasar man darbejiya, a 2018 kuma ta rage buhu daga kilo 50 zuwa 45. Akwai dalili na biyu da zai ba ku sha'awa ku 'yan kasuwa: ana karkatar da yuriyar tallafi zuwa masana'antu, to da aka shafa mata mai sai ta daina yi musu amfani. Itacen nan kuwa, a zamanin Gwamna Guggisberg, tsakanin 1919 da 1927, aka kawo shi Gana daga ƙasashen Indiya, ya bazu a filayen Ankara, daga nan aka kai shi Barno a 1928. Abin da Indiya ta mai da doka, mu a gindinsa muke shan inuwa, 'ya'yansa suna zuba ana sharewa.

Hanya ta uku, dunƙule. Ana matse yuriya da inji ta zama ƙwallo mai nauyin giram 2 zuwa 3. Bayan dashen shinkafa da kamar mako ɗaya, sai a cusa ƙwallo ɗaya cikin laka, zurfin tsawon yatsa, a tsakiyar gindi huɗu. Sau ɗaya ke nan har girbi. A Bangaladash aka fi rungumar wannan, inda IFDC ta ba da rahoton cewa yuriyar da ake kashewa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, shinkafa kuma ta ƙaru da kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Daga wajen 2009 aka fara yaɗa dabarar a Afirka ta Yamma, ta kai filayen noman rani na Kano da Kabi, da na Botanga a arewacin Gana. Wahalarta ita ce ƙwadago, sai an duƙa an bi gindi-gindi, kuma ba ta yi sai an yi dashe a layi.

Nijar ma ta ba duniya tata dabarar, wadda ba ta buƙatar sabon buhu. A shekarun 1990 masanan cibiyar ICRISAT a Sadore, cikinsu har da André Bationo ɗan Burkina, suka nuna cewa maimakon watsa taki, a zuba cikin murfin kwalba ɗaya, kamar giram 6 na kamfa, a ramin shuka. Cibiyar ta ce a Nijar da Mali da Burkina gero da dawa sun ƙaru da kashi 44 zuwa 120 cikin 100. Amma su kansu masanan sun yi gargaɗi: shukar da ta yi ƙarfi tana ƙara zuƙe abin da ke ƙasa, don haka in ba a mayar da kara da kashin dabbobi ba, bashi ake ci.

To, me taki mai dabaibayi ke yi wa hatsi da ƙasa, in an cire kirarin masu talla? Da aka tattara gwaje-gwaje masu yawa daga ƙasashe daban-daban, an ga maganin NBPT yana rage gudun iska da kusan rabi, amma ƙarin amfanin gona a matsakaici bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Ya fi biya inda hasarar ta fi yawa: inda ake watsa yuriya a fili, ko jigawa mai yawan ruwa, ko shinkafar fadama. Manomin da ya saba tona rami ya binne takinsa, ya raba shi kashi biyu, ya riga ya toshe yawancin ɓarakar da hannunsa. Game da lafiyar ƙasa kuwa, taimakonsa shi ne idan an rage yawan abin da ake zubawa, tsami zai zo a hankali, ruwan rijiya da na kogi su rage gurɓata. Amma ko ƙwaya ɗaya ta jiki ba ya ƙara wa ƙasa. Ba ya ciyar da tana, ba ya riƙe laima. Mai rigar roba ma yana barin ɓawonsa a gona, har a Japan an tarar ruwa ya kwashe shi zuwa bakin teku. Ku da kuka ga abin da leda ke yi wa tumbin saniya, ba sai an yi muku dogon bayani ba. Masana sun kwaikwayi haƙurin kashin shanu, amma ba su iya kwaikwayon jikinsa ba.

Yanzu ku Alhazai da Hajiyoyi masu safara. A 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka ce za a ɗaga amfani da taki daga kilo 8 a hekta zuwa 50 kafin 2015. Ba a kai ba. Gana, wadda ta janye tallafi a 1990, ta dawo da shi a 2008, ta faɗaɗa shi a 2017 har gwamnati na biyan rabin kuɗi. Kun san sauran labarin: buhu ya yi araha a Tumu da Boku, ya yi tsada a tsallaken boda, amalanken jaki ya riƙa tafiya da dare. An kama motoci, wasu sun yi hasarar jarinsu, manomin da aka yi tallafin dominsa ya zo shago ya tarar babu. A 2023 aka canja tsarin zuwa ba da kayan noma bashi. Kafin nan kuma, tan ɗin yuriya da bai kai dala 300 ba a 2020 ya kai wajen dala 900 a ƙarshen 2021 da farkon 2022. Ko buɗe katafariyar masana'antar Ɗangote a Legas a Maris 2022 bai raba mu da farashin duniya ba. Da shugabannin suka sake taruwa a Nairobi a Mayun 2024, sai suka sa lafiyar ƙasa a sunan taron tare da taki.

Tsada ita ke kawo algus, kuma sabon takin ya fi sauƙin ha'inci, domin da ido ba ka bambance yuriyar da aka shafa wa magani da wadda aka shafa wa launi kawai. Akwai doka: ƙa'idar ECOWAS ta 2012, da dokar Gana ta 2010, da ta Najeriya ta 2019, duk sun ce buhu ya nuna abin da ke ciki da nauyinsa da sunan mai shi. Ku sara daga dila mai rajista, ku karɓi rasit, ku duba ɗinki da ranar da aka yi shi. Maganin NBPT yana rage ƙarfi idan buhu ya daɗe cikin zafi, don haka ba kayan ɓoyewa ba ne a jira tsada. Mai riga kuma, in ana jefa shi daga kan mota ana taka shi, rigar ta fashe, ya koma yuriya ta kullum da kuɗin mai riga. Manomin da ka sayar wa ba zai gane ba sai kaka, amma in ya gane, ba zai dawo ba.

Ku kuma makiyaya, abu biyu. Ku tsare dabbobi daga buhun yuriya da ruwan da ta narke a ciki, ko wace iri ce, domin saniya in ta sha da yawa tana iya faɗuwa cikin sa'a guda. Sannan ku san darajar abin da kuke bari a baya. Masu lambu a Dzorwulu, nan cikin Ankara, da kuɗi suke sayen kashin kaji. Gonakin Samaru da Sariya sun shekara fiye da 60 suna ba da shaida cewa buhu, kowane iri ne, ya fi aiki a ƙasar da dabba ta taka. In kaka ta zo, kada a jira sai shanu sun shiga gonar wani an kira 'yan sanda. Arɗo ya je wurin sarkin noma tun amfani yana tsaye, a zauna a yanke: kwana nawa, gona wace, dami nawa, ina za a sha ruwa. Manomin da ya sayi buhu da tsadar bana yana da dalilin saurarenku, domin kwanan shanunku ne zai sa kuɗinsa ya fito.

Mako mai zuwa za mu ɗauko tarihin hanyar albasa daga Galmi zuwa Ankara. Kafin nan, a sauka lafiya, a gai da mutanen gida.